Ɗaurin Ƙarshe da Na Riƙe wa Yaya Inusa

Watan nan ya cika shekara talatin da biyu da aka binne yayana Inusa a Dapango, garin da ba a nan aka haife shi ba, kuma bai zo da niyyar wuce kwana biyu ba. Dattawan zangon Sokode za su tuna shi. Mai gyaran rediyo ne, dogo, siriri, mai rumfa a bakin tasha, wanda in ka kai masa rediyonka da hantsi sai ka sha labari har azahar kafin ya kwance bayansa. Matasan yanzu ba su san shi ba. Ba a sa wa wani titi sunansa ba, ba a ambatonsa a wurin taro, kuma ban yi mamaki ba, domin masu karanta sunaye a taro sun fi son sunan wanda mutuwarsa za ta yi musu amfani.

Ba kirari na zo yi masa ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne Bukari direba ya rasu cikin watan azumi, kuma a sanina, ni da shi kaɗai muka san abin da ya ɗora Yaya kan hanyar Dapango ranar da aka doke shi. A zaman makokin Yaya na gaya wa matarsa Asibi, na gaya wa duk wanda ya zo gaisuwa, cewa kayan gyaran rediyo zai je nema Sinkase, garin kasuwa da ke gaba da mu a bakin iyaka, ya ce bari ya biyo ya gaishe ni. Ƙarya na yi. Shekara talatin da biyu ina riƙe da ƙaryar nan, ina cin tuwon Asibi duk lokacin da na je Sokode, ina tsayawa a matsayin gwaggo a auren 'ya'yanta. Yanzu da Bukari ya tafi, in ni ma na tafi da maganar a cikina, babu mai gyara ta.

Dole in faro daga zauren mahaifinmu, in ba haka ba ba za a gane wautar da muka yi ba. Baba malami ne, kuma littattafansa ba ɗinkakku ba ne. Warƙa-warƙa suke, a tsakanin bango biyu, a ɗaure da igiyar fata, a cikin gafaka. Hikimar ita ce mutum uku ko huɗu su yi karatu a littafi ɗaya lokaci ɗaya, kowa da tasa warƙar. A ƙasan kowace warƙa an rubuta kalmar farko ta wadda ke bi mata, don in suka watse a iya jera su. A gefe kuma akwai ƙananan bayanai na malaman da suka riƙe littafin kafin Baba. Da haka muka buɗe ido, mu a wurinmu littafi ke nan. Daga baya Baba ya sa mu lekol, wato makarantar boko, ni da Yaya, duk da surutun maƙwabta, muka koyi Faransanci, amma hannunmu bai manta da zaure ba.

Na yi aure a Dapango ina koyarwa, shi yana Sokode da rediyoyinsa. Wata tafiya da ya yi Lome neman kayan aiki ya tsaya wurin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa a bakin titi, ya dawo da wani ƙaton littafi na Faransanci mai kaurin bulo. Ashe na farko ne cikin tara. Labarin wata ƙasa ce da babu ita, inda wani sarki ya kama ruwan sama ya rufe a tuluna ƙarƙashin fadarsa, yana buɗe wa garin da ya rusuna masa, yana hana garin da ya ɗaga kai, shekara ɗari uku bai mutu ba. Akwai manyan tsuntsaye da ake ɗaura wa sirdi, akwai duwatsu masu tafiya, akwai garin da ke tashi da gidajensa da rijiyoyinsa ya koma wani wuri. Sunayen mutanen ciki ba sa kamuwa a bakinmu, sai Yaya ya sake musu suna. Jarumin, wani mai haƙar rijiya da ya rantse sai ya fasa tulunan, ya zama Mahaƙi. Wata tsohuwa da ta haddace hanyoyin duniya a kanta ta zama Inna Hanya.

Yaya ba ya iya jin daɗin abu shi kaɗai, sai da wanda zai yi wa gardama, kuma ba shi da haƙurin ya gama shafi ɗari shida kafin ya aiko mini. Sai ya ɗauki reza ya yanke gindin littafin, ya raba shi ɗauri huɗu, ya zauna da jan tawada ya bi kowace warƙa yana rubuta mata kalmar ƙasa kamar na Baba. Na ce masa, "Yaya, ai akwai lamba a kowane shafi." Ya ce lamba ta Nasara ce, shi bai yarda da littafin da warƙa ba ta kiran 'yar'uwarta ba. In ya gama ɗauri ɗaya sai ya ba Bukari, wanda ke jigilar doya da fasinja tsakanin Sokode da Dapango, ya kawo mini. Doka uku muka kafa: ba a tsallake, ba a gaya wa wani abin da ke gaba, kuma ba a ba da sabon ɗauri sai tsohon ya dawo.

Daɗin karatun rabinsa a gefen takarda yake. Da ajami yake rubuta mini, da ƙaramin rubutunsa mai kama da sawun kaza. Inda wazirin sarki ya shigo sai in ga, "Barira, dubi mijin Gwaggo Ladi." Inda Mahaƙi ya yi wauta sai ya rubuta, "Wallahi da ɗana ne da na mare shi." Ni kuma in amsa a ƙasa, in ce ai halinka ne ya ɗauko. Mun yi wata uku muna faɗa a gefen littafi na huɗu kan ko tsuntsayen nan ana iya yanka su a ci. Da Inna Hanya ta mutu a na shida na yi kwana biyu ba na amsa maganar kowa, har maigidana ya zaci rasuwa aka aiko mini daga gida. A gefen wurin Yaya bai yi tsokana ba, ya rubuta mata Allah ya jiƙan rai, kamar mutum.

Shekara bakwai muka yi a haka, domin littattafan ba a jere suke samuwa ba. Sau ɗaya ya samu na biyar kafin na huɗu, ya kulle shi a akwatin kayan aiki wata takwas bai leƙa ba. Yanzu jikarsa tana karanta irin waɗannan labarai a waya, in ta gama ɗaya ta danna na gaba kafin shayinta ya huce, in ta ƙosa ta je ta duba ƙarshe. Ina kallonta ina tunanin abin da kakanta zai ce. Na san zai yi ta faɗa cewa wannan ba karatu ba ne, haɗiya ce, sa'an nan in ta fita ya ɗauki wayar ya ƙi bayarwa. Ban ce zamaninmu ya fi ba. Na dai san jiran motar Bukari yana cikin daɗin, kuma wannan jiran ne na mayar makami.

Muna tsakiyar na takwas ƙasa ta rikice. Zamanin da aka fara kiran dimokuraɗiyya ne, kowa na kasa kunne a gidajen rediyon waje, kuma a zangon Sokode ba inda rediyo ya fi kamawa kamar rumfar Yaya. Mutane suka fara taruwa a nan, daga sauraro aka koma tattaunawa, daga tattaunawa aka koma fita maci. Yaya yana sahun gaba, da tsawonsa da ba ya ɓoyuwa. Sau biyu aka zo aka watsa masa kayan rumfa. Aka aiko wa Baba cewa ya ja wa ɗansa kunne. Baba ya ja, ni ma na rubuta masa wasiƙa uku, Asibi ta yi kuka har ta gaji, shi kuwa in aka matsa masa sai ya yi dariya ya ce ai ba a fasa tulu daga cikin ɗaki. Wannan magana ta fi komai ba ni haushi, domin a littafi in aka harbi mutum sai a juya warƙa, a Sokode kuwa sai a nemi likkafani.

Sai aka shiga dogon yajin aikin nan, makarantu suka rufe, kayan Lome suka daina hawowa yadda aka saba, hanyar samun littafi na tara ta toshe wa Yaya. Ni kuwa Dapango bakin iyaka ce. Na roƙi wata maƙwabciyata mai fataucin atamfa zuwa Wagadugu, na rubuta mata sunan a takarda, a tafiyarta ta uku ta dawo da shi. Karo na farko cikin shekara bakwai littafi ya riga zuwa hannuna. Na ɗauki reza na yanke shi yadda na ga yana yi, na raba huɗu, na bi kowace warƙa da jan tawada na rubuta mata kalmar ƙasa, don kada ya ce aikin mata. Na aika na farko ya dawo, na aika na biyu ya dawo, na aika na uku. Na huɗu na karanta shi na sa ƙarƙashin kayana, domin wata dabara ta zo mini, kuma a lokacin na ɗauka ban taɓa yin tunani mai kyau kamarta ba.

Da Bukari ya zo karɓa ban ba shi ba. Bukari ɗan ƙabilar Kotokoli ne, Hausarsa ta tasha ce, mace da namiji duk "kai" yake ce mana, ni kuma Metires yake kirana, wato malama.

"Metires, yayanka ya ce ka ba ni na ƙarshe. Ya ce na uku yana nan zuwa, bai gama zane-zanensa ba."

"Ka ce masa na ƙarshe ba ya hawa mota. Mai so ya zo da ƙafarsa, ya zauna nan har gari ya lafa."

Bukari ya dafe kai. "Kai, Metires, za ka haɗa ni da dogon nan. In bai samu takarda ba ko rediyon motata ba ya taɓawa."

Nufina in fitar da shi daga Sokode. Dapango ta fi shiru, na ce in ya zo zan san yadda zan riƙe shi wata ɗaya ko biyu, ko da zan riƙa ba shi warƙa ɗaya kullum kamar magani. Sati biyar muna ja-in-ja ta bakin Bukari. Ya aiko cewa na karya doka, na mayar cewa babu dokar da ta ce wa zai kawo. Ya aiko cewa zai kai ƙarata wurin Baba, na ce ya kai, Baba zai sa mini albarka. Ina jin daɗin abin har ina ba malaman da muke aiki tare labari, ina cewa na kama dogon a hannu.

Akwai abin da na sani, kuma shi ne ya hana ni barci mai daɗi tun daga lokacin. A watannin nan an kafa shingaye a hanya, baraji muke ce musu, kuma abin da masu kaki suka fi nema shi ne takardun adawa da ake bugawa a ɓoye ana rabawa warƙa-warƙa. Bukari da kansa ya gaya mini ya daina sa ɗaurinmu a gaban mota, a ƙasan buhun gari yake cusa shi, domin takarda marar bango ta zama abin tsoro. Na ji, na ce Allah ya kiyaye, na wuce. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa in Yaya ya taso dole ya zo da ɗauri na uku, tunda doka ce, kuma mutumin da na sani ba zai yarda a cusa karatunsa cikin gari ba.

Abin da ya faru a hanya daga bakin Bukari na ji shi. Sun tashi Sokode bayan asuba, Yaya a gaba kusa da shi, gafaka a cinya, yana sake bin warƙoƙin yana ƙara rubutu a gefe duk inda mota ta tsaya. Bukari ya roƙe shi a Kara, ya sake roƙonsa a Mango, ya ce kawo in ɓoye. Yaya ya ce labarin tsuntsaye ne da tuluna, wanda ya iya karatu zai gani. A wani baraji gab da Tanjuware, saura ƙiris su iso, aka ce kowa ya sauko. Wani ya fizgi gafakar ya zazzage. Ga takardu fiye da ɗari ba bango, ga Faransanci da ke maganar sarki da fada da ranar da za a tashi, ga jan rubutu a ƙasan kowace, ga kuma wani rubutu a gefe da ba wanda ya iya karantawa a cikinsu. Suka ce wa ya buga, wa za a kai wa.

Da Yaya ya yi shiru ya ba da haƙuri, wataƙila da mari biyu ya tsira. Amma ya ga ana taka warƙoƙin da takalmi, sai ya sunkuya yana tsincewa yana cewa su bari ya jera musu su karanta daga farko. Wai har ya ce wa babbansu in karatun ne ya yi masa wuya zai karanta masa. Bukari ya ce bai ƙirga ba, amma yawancin dukan a ciki ne da haƙarƙari, da takalmi da gindin bindiga. Da suka gaji suka ƙone takardun a gefen titi suka ce a ɗauke shi. Ba wanda ya rubuta sunansa, ba wanda ya tambaye shi ko yana zuwa maci. Mutumin da na yi ta tsoron a kashe saboda abin da ya yi, an doke shi saboda abin da ni na sa shi ɗauka.

Da la'asar motar ta tsaya ƙofar gidana. Na fito da dariyata a shirye, har na tanadi abin da zan ce masa, sai na ga Bukari da wani fasinja sun riƙo shi. Muka kai shi asibiti, ƙofa a buɗe amma babu mai iya buɗe ciki ya duba, yajin aikin da Yaya ya yi ta yabo ya kwashe likitoci. Wani tsohon ma'aikacin jinya a unguwarmu ya taɓa cikin ya ce jini ne ke zuba daga ciki, kuma hanyar da za a bi a kai shi inda za a yi aiki ita ce hanyar da ya fito. Muka dawo da shi gida muka shimfiɗa masa a rumfar tsakar gida, inda iska ke shiga. Na aika Sokode, amma saƙo a lokacin sai ya kwana biyu a hanya.

Rana ta uku da hantsi ya buɗe ido ya ce, "To, ga ni na zo da ƙafata. Kawo."

Ba ya iya riƙe takarda, sai na zauna gefensa ina karanta masa. Na karanta har azahar, na yi salla na dawo na ci gaba. Mahaƙi ya shiga ƙarƙashin fada, ya fasa tulunan ɗaya bayan ɗaya, sarkin ya tsufa nan take ya faɗi, ruwa ya sauka a ƙasar da jikokin jikoki ba su taɓa ganin hadari ba, mutane suka fito suna buɗe baki sama. Yaya yana murmushi ido a rufe. A nan na tsaya. Saura warƙa goma sha ɗaya, na tura su ƙarƙashin cinyata, domin na san abin da ke ciki kuma ban ga dalilin da mutum zai mutu da shi a kunne ba.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Yaya. Ruwa ya sauka."

Ya miƙo hannu ya ce in ba shi warƙar ya taɓa. Na ba shi. Ya kai ta kusa da idonsa, bai dubi rubutun Nasara ba, ƙasa ya duba, inda jan tawadata take.

"Barira, warƙar ƙarshe ba ta kiran kowa. Wannan tana kira." Ya huta, ya ce, "Ni ba ɗan ajinki ba ne. Kada ki rage mini labari."

Na zaro sauran na karanta. Ashe tulu ɗaya bai fashe ba. Abokan Mahaƙi suka ce a ajiye shi saboda shekarar fari, kuma wa ya cancanci riƙe mabuɗin in ba wanda ya ceci ƙasa ba. Ya ƙi, ya ƙi, ya karɓa. A warƙar ƙarshe an kawo masa labarin wani gari da bai zo gaisuwa ba, sai ya tambaya yaushe rabon garin da ruwa. A nan marubucin ya ajiye alƙalami, bayan littafi tara.

Yaya ya ajiye warƙar da ke hannunsa. Ni kuwa baƙin ciki ya ci ni, na ce, "Ka ji ko? Ga abin da kuke fita a kashe ku a kai." Ban san yadda na iya gaya wa mai mutuwa haka ba, amma na faɗa. Ya ce, "Mutumin nan bai yi mana ƙarya ba. Amma ruwan ya sauka, Barira. Waɗanda suka sha sun sha." Washegari kafin azahar ya cika. A kwana huɗun nan bai ce mini ke kika jawo ba, ko da wasa, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Asibi ta iso an riga an kai shi.

Sau da yawa ina tambayar kaina abin da zai ce in ya ga yau. Cikin waɗanda suka zauna a rumfarsa akwai wanda yanzu in zai wuce sai an tare hanya, kuma bai taɓa tako ƙofar Asibi ba. Akwai waɗanda suka tsere ƙasashen waje suka tsufa can suna rubuce-rubuce. Akwai waɗanda suka koma gefen da suka yi wa maci, suna cewa sun gane gaskiya. Bayan 'yan shekaru kuma sai wasu sababbin samari su fito titin Sokode da ƙarfinsu, wasu sababbin uwaye su yi kuka, a share titi a ci gaba da kasuwa. Ni ban ga ruwan da ya sauka ba, in kuwa ya sauka ban san gonar wa ya jiƙa ba. Amma na san Yaya, da yana nan da furfurarsa da sandarsa da ya sake fita, kuma wannan sanin ba ya sanyaya mini rai, ƙara mini haushinsa yake yi.

Abin da ya rage nasa kaɗan ne. Rumfar ta zama wurin sayar da katin waya. Littattafai takwas na nan cikin gafaka a gidan Asibi, da tsokanarsa a gefe, ba mai iya karanta ajamin sai ni. Na tara kuwa ba zai taɓa cika ba, tunda kashi ɗaya ya ƙone a bakin titi da rubutunsa na ƙarshe a jiki, ban san abin da ya ce mini a ciki ba. Abin da ya fi waɗannan tsayawa shi ne halinsa na ƙin a ba shi rabin magana, ko mai daɗi ce. Na yi shekaru ina yabon wannan hali a gaban 'ya'yansa, alhali uwarsu rabin magana na ba ta.

Shi ya sa kafin in aika wannan rubutu na hau mota na je Sokode makon jiya. Ban so ta ji daga bakin mai karanta mata jarida. Na same ta a tsakar gida tana feraye doya, ta tsufa kamar yadda na tsufa. Muka gaisa, ta tambayi yara da jikoki, ta turo mini kujera. Na ce, "Asibi, maganar Sinkase da na gaya miki, ba haka ba ne. Ba kayan rediyo ya fita nema ba. Ni na riƙe masa ƙarshen littafi na ce sai ya zo."

Ba ta ɗago ba, wuƙarta ba ta tsaya ba.

"Na sani," in ji ta. "Da safen nan ni na miƙa masa gafakar. Ya ce mini, ƙanwata ta yi garkuwa da ƙarshen labari, zan je in ƙwato, jibi ina nan."

Na ce, "To me ya sa ba ki taɓa cewa komai ba?"

"Ina jira in ga ranar da za ki faɗa." Ta jefa doyar cikin ruwa ta ɗauki wata. "Kiran da kika yi masa na yafe tun a ranar. Ni ma da ina da abin da zan riƙe masa ya bar garin nan, da na riƙe. Amma kin zauna a tabarmata, ina cikin takaba, kin dubi idona kin ce mini Sinkase. Duk shekara kina zuwa, duk shekara ina cewa bana za ta faɗa."

Na ce ta yafe mini wannan ma, don Allah.

Ta ajiye wuƙar, ta dube ni karo na farko tun da na zauna. "Shekara talatin da biyu na jira ki, Barira. Ke ma ki ɗan jira."